Kaskon Mazarƙwaila: Sitenles Ba Laya Ba Ce

Akwai wata shawara da ta zama kamar hadda a bakinmu, mu da muka yi karatun kimiyya. Da zarar an ɗauko zancen mazarƙwaila, sai ka ji an ce: "Ai matsalar masu dafa ta ɗaya ce, su bar kaskon durom su koma sitenles." Za ka ji ta a wurin bita, za ka gan ta a Facebook, kuma mai walda ma ya haddace ta, don ya san tana ƙara wa aikinsa kuɗi.

Mai karatu, wannan shawara ce nake so mu zauna mu tankaɗe. Ba ƙarya ba ce gaba ɗaya, amma rabin magana ce, kuma a harkar abinci rabin magana na iya cutarwa. Idan ka taɓa tsayawa a Tashar Yari lokacin kakar rake, ko ka shiga ƙauyukan Makarfi, Kudan da Ikara, ka san ba ƙaramar sana'a ake magana a kai ba. Gidaje da yawa da ita suke ci, kuma abin da ya fito daga kaskon nan yara ne suka fi shan sa.

Aikin da kasko ke yi

Mu fara da lissafi mai sauƙi. Ruwan rake, kusan kashi 80 cikin 100 ɗinsa ruwa ne zalla, sauran kuma sukari ne da ɗan gishirin ma'adinai. Kafin lita 100 ta zama mazarƙwaila, sai kusan lita 80 ta tashi sama a matsayin tururi. Shi ya sa ake yin kaskon da faɗi, ba zurfi ba, kuma shi ya sa ake ta cusa tukar rake a murhu na sa'o'i. A ƙarshen dahuwa, zafin ruwan kan kai digiri 118 zuwa 120 a ma'aunin Salshiyas, ya yi kauri, ya fara kama ƙasan kasko.

Riƙe abu biyu daga nan. Na farko, ruwan rake yana da ɗan tsami ko da harshenka bai ji ba. Ma'aunin tsaminsa na pH yana wajen 5 zuwa 5.5, kuma tsamin yana ƙaruwa idan aka bar shi ya jima bayan matsa. Ruwa mai tsami da zafi yana lasar ƙarfe. Na biyu, ruwa ne kawai ke tashi. Duk wani ƙarfe da ya narke a ciki yana nan daram, sai ma ya tattaru. Abin da ya shiga lita 100 zai ƙare a cikin abin da bai wuce kashi ɗaya cikin biyar ba, wato ƙarfinsa ya ninka kusan sau biyar. Tafasa tana kashe ƙwayoyin cuta, amma ba ta kashe dalma.

Inda shawarar ta dace, da inda ba ta dace ba

Idan ka bincika intanet kan yadda ake mayar da ganga tukunyar dahuwa, yawancin abin da za ka tarar na masu tace barasa a gida ne a Amurka da Turai. Ba giya ce gabanmu ba, amma darasin ƙarfen da ke wurin ya shafe mu. Su gangar giya suke ɗauka, mai cin lita 50 zuwa 60, su mayar da ita tukunya. Wannan ganga tun daga masana'anta don abin sha aka ƙera ta, da sitenles mai lamba 304. Durom ɗinmu mai lita 200 kuwa, wa ya san abin da ya fara ɗauka? Baƙin mai ne, fenti ne, ko maganin feshi? Ka ga sunan aikin ɗaya ne, "an juya ganga ta zama tukunya", amma asalin gangunan ya sha bamban.

Sannan abin da suke dafawa ruwa ne tsararo, wanda zafinsa ba ya wuce digiri 100, ba ya kauri, ba ya ƙonewa a gindi. Don haka tukunyar da ta yi musu daidai ba lallai ta yi wa mai mazarƙwaila ba.

Akwai kuma abin da tarihinsu ya koyar. A kudancin Amurka, masu tace barasa a ɓoye sun daɗe suna amfani da tsohuwar lagireto ta mota wajen sanyaya tururi, kuma likitoci sun yi ta samun gubar dalma a jinin masu shan ta. Dalmar daga liƙin lagireton take fitowa. Tukunyar na iya zama tsaf, ƙaramin liƙi ɗaya ya ɓata komai.

Laifin durom da wanda ba nasa ba

Masu shawarar sitenles sukan nuna tsatsa su ce ga guba. A nan sun yi wa baƙin ƙarfe ƙazafi. Baƙin ƙarfe tsirara, wanda ba fenti ba shafe, abin da yake saki a ruwan rake sinadarin ayon ne, irin wanda jiki ke buƙata don yin jini. Illarsa ta fi tsayawa a kala: ayon yana haɗuwa da wasu sinadaran rake ya sa mazarƙwaila ta yi duhu. A Indiya, ƙasar da ta fi kowace yin irin wannan sukari, an daɗe ana dafa shi a manyan kaskon baƙin ƙarfe.

Haɗarin durom na gaskiya yana wurare uku, kuma babu wanda tsatsa ke nunawa. Akwai saurar abin da ya fara ɗauka. Wasu magungunan feshi da kayan masana'antu ba sa fita da omo, kuma babbaka durom da wuta ba tabbaci ba ne. Akwai fenti da shafen ciki, waɗanda ba a yi su don wutar murhu ba, kuma wasu fentin na ɗauke da dalma. Akwai kuma ƙarfen da aka shafe da tutiya, irin na kwanon rufi da wasu bokitai. Ruwa mai tsami yana narkar da tutiyar, wadda ke jawo amai da ciwon ciki idan ta yi yawa.

Dalma ce ta fi ban tsoro. Mun ga abin da ta yi a Zamfara a 2010, inda yara fiye da 400 suka rasu a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Wancan daga ƙurar dutsen zinare ne, ba daga tukunya ba, amma gubar ɗaya ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma a jini da aka san ba ya illa. Ɗan kaɗan ɗin da ba ya kwantar da yaro yana iya taɓa ƙwaƙwalwarsa a hankali, ba tare da kowa ya lura ba.

Kuma kar ka ce a gudu zuwa tukunyar alminiyum ta zubi. Wani bincike da aka wallafa a 2014 kan tukwanen da ake zubawa daga tarkacen ƙarfe a Kamaru ya gano suna sakin dalma, saboda tarkacen da ake narkawa ya haɗa da kayan mota.

Sitenles ɗin ma suna ya tara

To, mu koma kan gwanin. A 1913 ne Harry Brearley ya samar da ƙarfen da ba ya tsatsa a birnin Shafil na Ingila. Sirrinsa sinadarin kuromiyam ne, aƙalla kashi 10.5 cikin 100. Kuromiyam yana haɗuwa da iska ya yi wata siririyar fata da ido ba ya gani, ita ke kare ƙarfen. Lamba 304 da ake yin kayan abinci da ita tana da kuromiyam kashi 18 da nikel kashi 8.

Amma nikel na da tsada, don haka akwai lamba 201, wadda aka rage mata nikel aka cike da manganis. Ta fi arha, ba ta kai 304 jure tsami da gishiri ba, kuma a ido ba za ka bambance su ba. Gwajin da kowa ya sani shi ne na maganaɗisu: wai idan bai kama ba, ƙarfen na gaske ne. Gwajin nan yaudara ce. Maganaɗisu ba ya kama 304, haka ma ba ya kama 201. Yana kama lamba 430, alhali ita ma sitenles ce da ake kayan kicin da ita. Ka ga kenan gwajin na iya wanke mai arha ya kuma tozarta mai kyau.

Sai batun walda, wanda masu shawarar ba sa ko ambata. Idan aka haɗa fallen 304 da sandar walda ta baƙin ƙarfe, layin haɗin zai yi tsatsa kamar kowane ƙarfe. Ko da sandar da ta dace aka yi, zafin da ke tsakanin digiri 450 zuwa 850 yana sa kuromiyam ɗin gefen waldar ya haɗu da kabon, wurin ya rasa kariyarsa. Shi ya sa injiniyoyi ke zaɓar 304L mai ƙarancin kabon idan za a yi walda, su kuma goge wurin bayan an gama. Idan kuma aka toshe huda da liƙin dalma, to an koma gidan jiya, an maimaita labarin lagireto a kan ƙarfe mai ƙyalli. Wanke shi da bilic ko goge shi da soson ƙarfe ma yana ɓata fatar nan.

Abin da mai dahuwa zai fara gani

Ko an dace da ƙarfen, akwai matsalar wuta. Sitenles malalaci ne wajen watsa zafi: baƙin ƙarfe ya ninka shi kusan sau uku, alminiyum fiye da sau goma. A siririn falle, zafin zai ratsa, amma ba zai bazu gefe ba, sai ya taru daidai inda harshen wuta ke lasa. A minti na ƙarshe, lokacin da ruwan ya yi kauri, nan ne sukari ke ƙonewa ya yi ɗaci. Bugu da ƙari, 304 yana buɗewa da zafi fiye da baƙin ƙarfe da sama da kashi 40 cikin 100, don haka faffaɗan kasko siriri yana saurin lanƙwashewa. Maganin wannan shi ne falle mai kauri, kaurin kuma kuɗi ne.

Yanzu ka sa kanka a matsayin mai sana'ar. Ya ci bashi ya sayi kasko mai tsada saboda 'yan boko sun ce, dahuwar farko ta kama, ta biyu ta yi ɗaci. Me kake zato zai yi? Zai jingine shi ya koma durom ɗinsa, kuma gobe ko gaskiya muka zo da ita ba zai saurare mu ba.

Shawarar da ta fi kama hankali

Tambayar da ya kamata a yi ba "sitenles ne ko durom?" ba ce. A tambaya: me ke taɓa ruwan raken tun daga injin matsa har zuwa kwanon da ake zuba shi ya daskare, kuma daga ina ƙarfen ya fito?

Ga mai ƙaramin jari, sabon fallen baƙin ƙarfe mai kauri, marar fenti, marar tutiya, wanda aka haɗa da walda ba liƙi ba, ya fi durom ɗin da ba a san tarihinsa ba, ya kuma fi sitenles na jabu. Idan akwai ɗan kuɗin sitenles, a fara kashe shi inda ya fi amfani: bokitin tara ruwa, matata da ludayi, inda ruwan ke zama yana tsami kuma babu wutar da za ta ƙona shi. Mai hali ya sayi kaskon 304 mai kauri, amma ya nemi lambar da ke jikin fallen, ya tambayi mai walda irin sandar da zai sa.

Mu kuma masu bincike, namu aikin ya fi na kowa sauƙi. Daga Makarfi zuwa Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya ba wata tafiya ba ce, kuma auna dalma, tutiya da ayon a cikin mazarƙwaila aiki ne da ɗalibin digiri na biyu zai iya. A ɗebo samfuri daga kasko iri-iri, a auna, a mayar wa masu sana'ar da sakamakon da Hausa. Wanda ya shekara ashirin a bakin murhu ya cancanci mu zo masa da lambobi kafin mu ce ya jefar da kaskonsa.