BABI NA HUƊU: NAZARIN LABARIN "MAI SABON KEKE" NA GARIN BIRCHI

4.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an kawo ire-iren labaran raha da ake bayarwa a majalisun garin Birchi na ƙasar Kurfi, aka kuma bambanta su da tatsuniya da hikaya. A wannan babi za a ɗauki ɗaya daga cikinsu, wato labarin "Mai Sabon Keke", domin a feɗe shi ta fuskar jigo da zubi da salo. An samo labarin daga bakin mutum uku: wani dattijo manomi, da wata tsohuwa mai sana'ar ƙuli-ƙuli, da wani saurayi ɗan acaɓa. Zubin dattijon shi aka ɗauka a matsayin tushe, saboda ya fi sauran cika.

4.1 Taƙaitaccen Labarin

Wani manomi ne ya sayar da gyaɗarsa da kaka, ya tafi Dutsin-Ma ya sayo sabon keke ƙirar Raleigh. Bai baro kasuwa ba sai da ya sa aka ɗaura masa madubai biyu da ƙararrawa. Iyakar saninsa da hawa shi ne kwana biyu da ya yi yana koyo a kan keken haya. Don haka bai hau ba, turo keken ya yi tun daga Dutsin-Ma har bakin gari. A nan ne ya kakkaɓe ƙura, ya gyara zaman babbar rigarsa, ya hau domin mutane su ga shigowarsa.

Da ya zo daidai majalisar dattawa sai ya ɗaga hannu ɗaya zai yi gaisuwa. Hannun rigar da ya naɗe a kafaɗa ya zame ya faɗa cikin ƙafar baya, wayoyin ƙafar suka naɗe shi. Keke ya tsaya cik, shi kuwa ya yi ƙasa. Riga ta yage, madubi ɗaya ya fashe, kan keken ya karkace, gwiwa ta kurje. Jama'a suka taso suna yi masa sannu, sai ya ce, "Ku bar ni, ku duba mani keken. Fata tana tsirowa, fenti ba ya tsirowa."

4.2 Zamanin da Labarin Ya Ginu a Kai

Mai ba da labarin bai ambaci shekara ba, amma akwai alamomin da ke nuna zamanin. Na farko, da fam da sule aka yi cinikin keken, alhali an fara amfani da naira da kwabo a ranar 1 ga Janairu, 1973. Na biyu, kuɗin gyaɗa ne jarin tauraron. Cinikin gyaɗa ya bunƙasa a ƙasar Hausa bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, ya kuma durƙushe bayan fari na farkon shekarun 1970 da cutar da ta afka wa gyaɗa a 1975. Ke nan labarin ya ginu ne a kan lokacin da keken Raleigh, wanda asalinsa daga Ingila yake, ya kasance babbar kadarar manomi. Wanda bai san wannan matsayi na keke ba zai ɗauka maganar tauraron ta ƙarshe wauta ce zalla.

4.3 Jigo

Biyu daga cikin masu ba da labarin sun rufe shi da karin maganar nan, "sauri ya haifi nawa". Wannan zai sa mai saurare ya ɗauka jigon shi ne gargaɗi a kan gaggawa. Sai dai idan aka yi la'akari da abin da ya faru a cikin labarin, za a ga babu gaggawa ko kaɗan. Mutumin da ya turo keke a ƙasa duk tsawon hanya ba za a kira shi mai gaggawa ba. Abin da ya kayar da shi shi ne gaisuwa.

A al'adar Bahaushe, ƙarami ba ya wuce manya a kan abin hawa ba tare da ya nuna ladabi ba. Mahayin doki yana iya riƙe linzami da hannu ɗaya ya yi jinjina da ɗayan, domin doki yana tsaye da ƙafafunsa huɗu, kuma babbar riga tana bazuwa a bayansa ba tare da ta taɓa komai ba. Keke kuwa, duk da ana yi masa laƙabi da dokin ƙarfe, mahayinsa ne ke riƙe da shi, kuma ƙafafunsa cike suke da wayoyi masu cin tufa. Tauraron yana da zaɓi biyu: ko ya sauka ya gaida dattawa, ya rasa burgewar da ya wahala dominta, ko ya wuce bai gaishe su ba, ya zama marar tarbiyya. Ya so ya haɗa biyun, sai ya rasa duka. Saboda haka babban jigon labarin shi ne karon da ake samu tsakanin baƙon abu da al'adar da ya tarar. Son nuna isa yana biye a matsayin ƙaramin jigo.

Zubin tsohuwar ya zo da wani ƙaramin jigo da maza ba su ambata ba. A wajenta rigar ta aro ce, kuma sai da aka sayar da akuyar matarsa aka cika kuɗin keken. Ta rufe da cewa "kayan aro ba ya rufe katara". Da wannan ƙari, faɗuwar ta tashi daga abin kunya ta koma bashi, wanda matar da ba ta hau keken ba za ta taya biya.

4.4 Zubi da Tsari

Labarin yana tafiya ne a miƙe, daga kasuwa zuwa bakin gari zuwa majalisa. Gwanintar dattijon tana cikin yadda ya raba lokaci. Ya daɗe yana lissafa kayan adon keken ɗaya bayan ɗaya, amma faɗuwar kanta a jimla uku ya gama ta. Bayan haka sai ya sake bin kayan a jeren da ya kawo su, yana faɗin abin da ya sami kowanne. Wato duk abin da aka ɗaura a kasuwa an ɗaura shi ne domin a fasa shi a majalisa, kuma mai saurare yana jin haka tun kafin a iso wurin.

4.5 Salo da Sarrafa Harshe

An yi amfani da amsa-kama wajen zana hoton abin da ya faru: keke ya tsaya "cik", mutum ya faɗi "tim", madubi ya yi "tas". Haka kuma ba a ba tauraron suna ba, "gogan naka" ake ce masa, abin da ke jawo mai saurare cikin labarin kamar ya san shi. Karin harshen Katsinanci ya fito a kalmomi irin su "hwaɗi" da "mashi". Bugu da ƙari, akwai mutuntarwa, domin dattijon cewa ya yi keken "ya ƙi" mai shi, kamar yadda ake faɗa game da dokin da bai saba da mahayi ba. Mayar da keke abin raha ba baƙon abu ba ne a adabin Hausa, domin Aliyu Namangi na Zariya ya yi "Waƙar Keke", wadda ta fito a littafin Waƙoƙin Hausa a 1957.

4.6 Raunin Labarin

Labarin yana da rauni a wurare biyu. Na farko, karin maganar da ake rufe shi da ita ba ta dace da ƙunshiyarsa ba, kamar yadda aka nuna a 4.3, kuma da alama ɗabi'ar rufe labari da darasi ce ta jawo ta. Na biyu ya fi fitowa a zubin saurayin, inda babur ya maye gurbin keke, gudu ya maye gurbin gaisuwa, babbar riga kuma ta ɓace. Da aka cire riga da gaisuwa sai aka cire dalilin faɗuwar, labarin ya koma rahoton haɗari. Hasali ma wanda ya faɗi a kan babur yana iya karyewa ko ya rasa ransa, don haka maganar fata da fenti ba ta ba da dariya a bakinsa.

4.7 Naɗewa

Wannan babi ya nuna cewa "Mai Sabon Keke" labari ne da aka tsara da hikima, wanda ya adana hoton rayuwar manomin ƙasar Katsina a zamanin cinikin gyaɗa. An kuma ga cewa kowane mai bayarwa yana karkata shi zuwa abin da ya dame shi: dattijo ga mutunci, tsohuwa ga bashi, saurayi ga gudu. Tun da zubin da ya fi cika a bakin tsofaffi kaɗai ya rage, akwai buƙatar a ɗauke shi a rubuce da kuma a murya. Babi na gaba zai duba labaran da suka shafi mota da rediyo.