Kwarin da Ke Bayan Ƙofa: Duba Kan Fassarar “Gidan Wuta”

Wata Litinin da la'asar ina zaune a rumfar wani dattijo tela kusa da Ƙofar Guga, ina jiran ya ƙarasa mini ɗinki. Musulmi ne, mun daɗe da sanin juna, kuma ba mai neman gardama ba ne. Ya tsayar da kekensa ya ce, “Malam Fasto, jiya na ji wani yaronku yana wa'azi, ya ce Annabi Isa ya kwana uku a cikin Wuta. Haka littafinku ya faɗa?” Na ce, “Baba, ba haka ya faɗa ba.” Ya ce, “To, yaron a ina ya samo?”

Na san inda ya samo. Ya karanta Ayyukan Manzanni 2:27 da 31 a tsohuwar fassarar Turanci, ya ga kalmar hell, ya juya ta zuwa Hausa da kansa a kan bagadi. Laifin ya girme shi da shekara ɗari huɗu. Fassarar King James ta 1611 ta ɗauki kalmomi huɗu na asali, wato Sheol, Hades, Gehenna da Tartarus, ta zuba su a ƙwarya ɗaya. Masu gyaran fassarar Turanci na 1881 da 1885 sun yi ƙoƙarin raba su, amma tsohuwar ta riga ta zauna a bakin masu wa'azi. Mu da muka gaji Littafi Mai Tsarki na Hausa na 1932, wanda Likita Walter Miller na Wusasa da abokan aikinsa suka yi wa hidima, da kuma na 1979 da waɗanda suka biyo baya, muna da kalmominmu: lahira, kabari, Hades, Jahannama, Gidan Wuta. Tambayar ita ce ko kowace tana ɗauke da kayan da aka aza mata.

Bari mu fara da Sheol. Ta fito kamar sau 65 a Tsohon Alkawari na Ibrananci, kuma ba gidan azabar mugaye kaɗai ba ne. Yakubu, da aka kawo masa rigar Yusufu da jini, ya ce can zai gangara wurin ɗansa yana makoki (Farawa 37:35). Ayuba ya roƙi Allah ya ɓoye shi a can har fushi ya wuce (Ayuba 14:13). Ba wanda zai roƙi a ɓoye shi a cikin wuta. Sheol wurin matattu ne gaba ɗaya, na kirki da na banza, wurin duhu da shiru.

Wasu suna cewa a sa “kabari” a huta. Kabari ya yi mata kaɗan. Ibrananci yana da tasa kalmar ta kabari dabam, kuma Yakubu ya ɗauka naman jeji ne ya cinye Yusufu, wato ba shi da kabari ko kaɗan, duk da haka yana sa zuciya zai iske shi a Sheol. “Lahira” ta fi kusa, domin Bahaushe yakan ce wane ya tafi lahira ba tare da ya yanke masa hukunci ba. Amma ita ma tana da nata nauyi. Daga Larabci ta zo, tana nufin rayuwa ta ƙarshe, kishiyar duniya, da hisabi da Aljanna da Wuta duk a cikinta. Mutum yakan yi addu'a Allah ya sa ya dace duniya da lahira. Ba Ba'ibranen da ya taɓa fatan dacewa a Sheol. Mai Zabura yana kuka ne a fisshe shi daga can, domin a can ba mai yabon Allah (Zabura 6:5). Akwai kuma “barzahu”, wadda ta fi dacewa ta wajen matsayi, tun da zama ne tsakanin mutuwa da tashi, sai dai tana shigowa da tambayar kabari da mala'ikunta, abin da nassin bai ambata ba. A ganina lahira ce mafi dama, muddin mai koyarwa zai faɗa wa jama'a cewa lahirar Zabura gidan jira ne mai duhu, tun kafin hasken tashin matattu ya bayyana sosai.

Da Yahudawan Iskandariya suka juya Tsohon Alkawari zuwa Helenanci, tun wajen ƙarni na 3 kafin haihuwar Almasihu, sai suka sa Hades a mafi yawan wuraren da Sheol take. Marubutan Sabon Alkawari suka gaji wannan, suka yi amfani da Hades sau 10. Nan ne nake da ƙorafi na farko a kan aikinmu na Hausa. Inda aka bar “Hades” yadda take, an ba mai karatu buhu ne babu komai a ciki, shi kuwa zai cika shi da abin da ya tuna. Abin da kowa ya tuna shi ne mai arziki da Li'azaru a Luka 16:23, da harshen wuta da ɗigon ruwa. Daga nan kowace Hades ta zama wuta. Bugu da ƙari, idan Zabura 16:10 ta ce lahira, Ayyukan Manzanni 2:27 kuma ta ce Hades, mai karatu ba zai gane cewa Bitrus zaburar nan yake karantawa ranar Fentikos ba. Hujjar Bitrus mai sauƙi ce: Dawuda ya mutu, kabarinsa na nan, amma Almasihu ba a bar shi a wurin matattu ba. Ba a yi zancen azaba ba. Haka kuma ya kamata mu fahimci abin da muke furtawa a Shaidar Bangaskiya ta Manzanni game da saukarsa: ya mutu mutuwa ta gaske, ya je inda matattu suke. Amsar da na ba dattijon ke nan, ya kaɗa kai ya ci gaba da ɗinkinsa. Bai yarda da mutuwar ba, ba shakka, amma aƙalla ya daina zaton muna jefa Almasihu a Wuta.

Tartarus sau ɗaya tak ta fito, a 2 Bitrus 2:4, kuma kan mala'ikun da suka yi zunubi ne, ana tsare da su kafin shari'a. Kurkukun jiran hukunci ne. Ba sai mun daɗe a kanta ba.

Gehenna ce ke bukatar zama. Kafin ta zama koyarwa, sunan wuri ce. Idan baƙo ya ji “Ƙofar Guga”, mai yiwuwa tunaninsa ya tafi kan rijiya da igiya. Bakatsine kuwa wuri yake gani: tsohuwar ƙofar ganuwa, da hanyar da ta ratsa ta, da unguwar da ke kewaye, ya san ta bambanta da Ƙofar Ƙaura ko Ƙofar Marusa ko Ƙofar Sauri. Haka mutumin Urushalima yake jin Ge Hinnom, wato Kwarin Hinnom. Kwari ne a kudu da yammacin birnin, yana nan har yau, ana zuwa da ƙafa. An fara ambatarsa a matsayin iyaka tsakanin Yahuza da Biliyaminu (Joshuwa 15:8, 18:16). Daga baya sarki Ahaz da sarki Manassa suka ƙona 'ya'yansu a can hadaya (2 Tarihi 28:3, 33:6). Yosiya ya ƙazantar da wurin don kada a sāke miƙa yaro ga Molek (2 Sarakuna 23:10). Sai Irmiya. Allah ya aike shi ya sayi tulu a wurin maginin tukwane, ya ɗebi dattawan jama'a da manyan firistoci, ya fita da su ta ƙofar birni zuwa kwarin, ya fasa tulun a gabansu, ya shaida musu cewa za a sāke wa wurin suna ya zama kwarin kisa, gawawwaki su cika shi (Irmiya 19, dubi kuma 7:31-32). A 586 kafin haihuwar Almasihu, Babila ta rushe birnin.

Ku lura da ma'anar da wurin ya ɗauka. Inda mutanen alkawari suka yi mafi munin zunubinsu da sunan ibada, nan Allah ya ce zai hukunta su. Tsakanin Alkawari biyu, malaman Yahudawa suka ɗauki sunan suka mai da shi sunan wurin hukunci na ƙarshe. Yesu ya same shi a haka, ya haɗa shi da tsutsa da wutar da Ishaya 66:24 ya ambata (Markus 9:43-48).

A nan sai in taɓa wani labari da dukanmu muka sha faɗa, ni ma har da ni. Wai Gehenna juji ne na Urushalima, inda wuta take ci dare da rana tana ƙona shara da mushe. Labarin yana da daɗin wa'azi, domin kowa ya san hayaƙin juji a bayan gari. Amma idan aka bi sawunsa, a wurin Rabbi Dawuda Kimhi ake tsayawa, wanda ya yi sharhin Zabura wajen shekara ta 1200, fiye da shekara dubu bayan Yesu. Littattafan sharhi da yawa sun kwafe shi daga juna. Hasarar da yake jawowa ita ce yana kawar da Irmiya. Juji wurin zubar da abin da ba a so ne, kuma mai sauraro yakan ɗauka wasu ne sharar. Kwarin Irmiya kuwa, dattawa da firistoci aka kai su tsaya a bakinsa.

To, da wace kalma za mu faɗe ta da Hausa? Biyu ne a gabanmu. “Gidan Wuta” a fili take, yaro ma ya gane, kuma ba ta jawo gardama. Amma bayani ne, ba suna ba. Ta riƙe wutar ta saki kwarin, kuma wanda ya karanta ta ba abin da zai sa ya buɗe Irmiya. “Jahannama” kuwa, abin da ɗalibai da yawa ba su sani ba, ita ce Gehinnom ɗin kanta. Sunan kwarin ne ya shiga Larabci ya zama Jahannam, ya fito sau 77 a Alƙur'ani, ya iso ƙasar Hausa ta hannun malamai. Birnin Wali Ɗan Marina da Wali Ɗan Masani ya san kalmar ƙarnuka kafin a buga Bishara da Hausa. Masu gudun ta suna cewa ta Musulmi ce. Wannan hujja ba ta da ƙarfi, domin da ita za mu yar da Allah, da annabi, da mala'ika, da zunubi, da tuba, mu zauna ba bakin magana. Hujjar da ta fi nauyi ita ce kayan da kalmar ta ɗauko a hanya. Wanda ya tashi yana jin waƙoƙin wa'azi na Hausa, in ya ji Jahannama, yana jin hawa bakwai da sunayensu, su Laza da Saƙara da Hawiya, yana ganin siraɗi da mizani. Yawancin membobinmu a Katsina da kunnen nan suka girma, ko Maguzawa ne iyayensu.

Duk da haka, da za a tambaye ni, Jahannama zan sa a cikin nassi, da ɗan bayani a ƙasan shafi mai nuna Irmiya 7 da 19. Dalilina shi ne suna yana ja da tambaya. Kayan da ke kan Jahannama ana iya sauke su a aji ɗaya na nazarin Littafi, a nuna abin da nassi ya faɗa da abin da bai faɗa ba. Gidan Wuta kuwa ba ta sa kowa tambaya, kowa yana ganin ya riga ya gane. Na san malamai da na girmama waɗanda suka zaɓi akasin haka, musamman don ikilisiyoyin karkara, kuma ban ce ba su da hujja ba.

Kada wani ya ji wannan ya ce ana rage zafin hukunci. Yesu ya fi kowa ambaton Gehenna: cikin sau 12 da ta fito a Sabon Alkawari, 11 daga bakinsa ne, ɗayar kuma a Yakubu 3:6 kan harshe. Gardamar ko azabar madawwamiya ce ko hallaka ce ta ƙarshe, wadda John Stott ya sāke tayarwa a 1988, ba kalmar nan ce za ta raba ta ba, sai an je Matiyu 25:46 da Wahayin Yahaya 14 da 20. Abin da kalmar take nuna mana shi ne su wa aka yi wa gargaɗin. Ku ɗauki goma sha ɗayan nan ɗaya bayan ɗaya. Almajiri mai zagin ɗan'uwansa (Matiyu 5:22). Mai ido ko hannun da ke sa shi tuntuɓe (5:29-30, 18:9). Manzo mai tsoron masu kashe jiki (10:28, Luka 12:5). Malaman Attaura da Farisiyawa masu ƙetare teku don samun almajiri ɗaya su lalatar da shi (Matiyu 23:15, 33). Ko sau ɗaya bai jefi jarumin Roma ko matar Samariya da ita ba. Wa'azin manzanni ga al'ummai a Ayyukan Manzanni ya yi zancen shari'a da tashin matattu, amma bai ambaci Gehenna ba, Bulus ma bai rubuta ta a wasiƙunsa ba. Mu kuwa mun saba juya bakin kalmar waje, ta fuskanci maƙwabta. A Matiyu 23 masu riƙe da littafi take kallo, wato irinmu da muke karanta wannan ɗan littafi.

Akwai aya biyu da ba sa karantuwa sam idan aka haɗa kalmomin. Wahayin Yahaya 20:14 ta ce za a jefa mutuwa da Hades cikin tafkin wuta. Idan Hades ita ce Gidan Wuta, an jefa wuta a cikin wuta ke nan. Idan kuwa wurin matattu ne, to, ana shelar cewa gidan jiran kansa zai ƙare, bayan ya fitar da duk wanda ke cikinsa (20:13). Wannan aya ce ta jana'iza, kuma gwauruwar da ta tambaye ka inda mijinta yake tana da hakkin ta ji ta daidai.

Ta biyun ita ce Matiyu 16:18, kan ƙofofin Hades da ikilisiya. Sau nawa muka yi wa'azinta kamar rundunar aljannu ce ta fito daga wuta tana kawo mana hari? Mutumin da ya girma a birni mai ganuwa ya san ƙofa ba ta zuwa yaƙi. A dā, in magariba ta yi, akan rufe Ƙofar Guga da sauran ƙofofin Katsina, na ciki ya kwana ciki, na waje ya kwana waje, sai mai riƙe da ƙofa ya buɗe da safe. Hezekiya da ya kwanta ciwon ajali ya ga kansa yana shiga ƙofofin Sheol (Ishaya 38:10), kuma ya san ba a fitowa. Alkawarin Yesu shi ne ƙofofin nan ba za su iya riƙe jama'arsa a ciki ba, kuma a Wahayin Yahaya 1:18 ya faɗi a hannun wa mabuɗan suke.