Adon Cikin Soro a Ƙasar Daura: Bakan Gizo da Ginshiƙin Rumawa

Duk wanda ya shiga tsohon zaure a ƙasar Daura, in dai magina na da ne suka gina shi, abin da yake fara yi shi ne ɗaga kai sama. A rufi adon yake. Bakan gizo ya taso daga bango ya haɗu da ɗan'uwansa a tsakiya, an jera azara a tsakaninsu kamar saƙar tabarma, a daidai mahaɗar kuma an kafa tasa ko kwano mai ƙyalli. Wannan maƙala tana magana ne a kan abin da yake samun irin waɗannan ɗakuna da sunan gyara, musamman a Baure da sauran garuruwan masarautar, inda yayin ginshiƙan Rumawa da silin POP ya shiga gidajen da suka girmi iyayenmu. Ra'ayina shi ne mafi yawan wannan gyara ɓarna ce, ta fuskar kyau da kuma ta fuskar lafiyar ginin kansa.

Yana da kyau a tuna cewa Baure ba ƙauye ba ne a tarihi. Bayan jihadi ya ci Daura a farkon ƙarni na 19, gidan sarautar Haɓe ya fita daga birni, zuriyarsa suka kafa mulki a Zango da Baure, suna ƙarƙashin inuwar Damagaram. M. G. Smith ya yi bayanin wannan rabuwa a littafinsa na tarihin Daura da ya fito a 1978. Sai bayan zuwan Turawa aka mayar da Haɓe birnin Daura ta hannun Malam Musa, sannan Sarki Abdurrahman ya yi mulki daga 1911 zuwa 1966. Wato Baure ta taɓa zama mazaunin sarki, kuma fuskarta tana duban arewa, wajen Magarya da Damagaram. Wanda ya taɓa zagaya unguwar Birni a Damagaram, ya kuma shiga Kangiwa, fadar Sarkin Daura, ba zai rasa ganin 'yan'uwantakar hannun maginansu ba. A ganina yawancin sorayen da suka rage mana a gidajen hakimai da dagatai da attajirai, a zamanin Sarki Abdurrahman aka gina su ko aka sabunta su. Su ne nake nufi da tsofaffin gidaje.

Yadda ado yake fitowa daga gini

Magini na da ba shi da ƙarfe, ba shi da siminti. Abin da yake da shi ƙasa ce da azara, wato itacen giginya da aka tsaga. Azara tana da ƙarfi, gara ba ta cin ta da sauƙi, amma idan aka ɗora mata nauyin ƙasar rufi ba ta iya tsallake fiye da kusan mita 2 ba tare da tallafi ba. Wannan ƙarancin shi ne uwar fasahar. Don a faɗaɗa ɗaki sai a sa tauyi a kusurwoyi da saman bango, a rage tazarar. Don a ƙara faɗaɗawa sai a ɗaura azara daki-daki, kowace tana ɗan zarce ta ƙasanta, a yaɓe su da ƙasa har su zama baka. Idan bakuna biyu suka gitta juna a tsakiya, an sami ɗaurin guga, a kansa kuma tulluwa take zama. Da haka Babban Gwani Malam Mika'ilu ya rufe Masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, wanda ya yi mulki daga 1834 zuwa 1846.

Abin lura a nan shi ne babu wani layi a wannan rufi da ba ya ɗauke da nauyi. Bakan da ido yake sha'awa shi ne yake riƙe da soron. Jerin azarar da ya yi kama da zane shi ne shimfiɗar da ƙasa take kwance a kai. Zanen da ake yi a jikin bakan da yatsa tun ƙasa tana ɗanya, yana bin hanyar bakan ne, yana nuna wa ido inda nauyi yake gangarowa. Haka bangon: kaurinsa ne ya ba da damar a fafe alkuki na ajiye fitila, a fitar da dakali na zama. Ƙasan ɗaki daɓe ne da aka sha da makuba har ya yi duhu yana sheƙi. Bango kuwa farar ƙasa ce, wani lokaci da jar ƙasa daga gindi. Launi kaɗan ne, haske ma kaɗan ne, daga ƙofa da ƙaramar taga can sama, shi ya sa tasar da ke tsakiyar rufi take kama ido.

Kada a ɗauka magabata ba sa aron kayan waje. Kwanon tangaran da aka kafa a rufi ba a Daura aka yi shi ba. A ɗakin mata ma, jere ya tashi daga ƙorai da akusa da fayafai ya koma tasoshi da kwalla da langa da fanteka na kanti, gadon ƙasa ya ba gadon ƙarfe mai rumfa wuri. A Zariya magina sun zana keke da mota da agogo a fuskar gidaje. Duk wannan aro ne, amma baƙon yana shigowa ne ya zauna inda ɗakin ya ba shi wuri. Jeren langa yana bin bango daga ƙasa zuwa sama kamar yadda jeren ƙorai yake bi, bai taɓa rufe bakan gizo ba.

Ginshiƙin da ba ya ɗaukar komai

Ginshiƙin da ake yayi yanzu, mai tsaga-tsaga a jiki da ganye ko naɗi a ka, asalinsa na Girkawa ne da Rumawa, kuma a wurinsu yana da doka. Tsawonsa yana bin kaurinsa: a ƙa'idar da maginan Italiya suka tsara a ƙarni na 16, mai naɗi a ka tsawonsa ninki 9 ne na kaurin gindinsa, mai ganye kuwa ninki 10. A kansa dole a sami gungumen da yake tallafa. Ko Turawan da suka farfaɗo da wannan salo a cikin ɗakunansu ba da ka suka yi ba. Robert Adam, wanda ya yi suna wajen ƙawata cikin manyan gidajen Ingila, sai da ya je garin Split a 1757 ya auna kangon fadar wani sarkin Rum kafin ya koma gida ya yi aiki da abin da ya gani. Ba ni da faɗa da wannan salo a inda ya dace. Gidan bulo mai bene da falo mai tsawo, mai shi yana da ikon ya yi masa abin da ya ga dama.

Mu kuwa ta hoton gidajen Abuja da otal-otal na Saudiyya da Dubai ya iso mana, ba tare da dokarsa ba. Akwai wani zaure a ƙasar Baure, ba zan ambaci gidan ba, da na san shi tun yana da ɗaurin gugarsa a buɗe. Da 'ya'yan gidan suka sami hali, suka ce za su mutunta mahaifinsu, kuma niyyarsu mai kyau ce. Aka kafa ginshiƙai huɗu na siminti, fankon ciki, gajeru masu kauri kamar turmi, aka shafa wa kawunansu ruwan gwal. Aka rataya silin POP a ƙarƙashin bakunan, mai hawa uku da ƙwayayen lantarki masu launi. Aka shimfiɗa tayil, aka toshe alkuki, aka fasa dakali don kujerun kushin su sami wuri. Zauren da mutum yake shiga ya ɗaga kai ya koma akwati mai tsawon da hannu yake kusan taɓa samansa. Ginshiƙan suna tsaye a ƙarƙashin silin da ba ya bukatarsu, ainihin abin da yake riƙe da rufin kuma an ɓoye shi kamar abin kunya. Dattijon da aka yi dominsa, a kan buzu yake zama a ƙofar gida da rana, saboda zafi.

Zafin yana da dalili. Tsawon soro shi ne yake ba iska mai zafi wurin tashi ta fita ta ƙaramar tagar sama. Da an sa silin an yanke wannan hanya. Amma abin da ya fi damuna shi ne abin da ba a gani. Rufin ƙasa yana faɗa wa mai gida ciwonsa da wuri: tabo ya fito a azara, ko ƙasa ta ɗan zubo, sai a hau a gyara indararo a sake yaɓe kafin damina. Silin yana rufe wannan baki. Ruwa zai yi shekaru yana jiƙa azara ba wanda ya sani, sai ranar da aka ji rugugi. Haka siminti a jikin bangon ƙasa: ba sa miƙewa da tsukewa tare, sai simintin ya tsage, ruwa ya shiga bayansa ya rasa hanyar fita, bangon ya ruɓe daga ciki fuskarsa tana nan sumul. Tayil kuma yana hana damshin ƙasa fita ta daɓe, sai ya bi gindin bango ya hau. Tsofaffin magina sun san wannan, shi ya sa suke shafe da makuba ko laso, wanda ake haɗawa da katsin marina da gashin jima da dafara, abubuwan da suke kore ruwa amma suna barin bango ya sha iska.

Akwai kuma wani nau'in gyara da masu shi suke ganin sun fi na farko kishin gargajiya, ni kuwa ban ga bambanci mai yawa ba. Shi ne a yi ɗakin bulo mai rufin kwano, a manna masa bakan gizo na POP, a cika kowane taƙi na bango da dagin Arewa da fentin mai, kore da ja da shuɗi da rawaya. Bakan da aka manna ɗan'uwan ginshiƙin fanko ne, duka biyun ba sa ɗauke da komai. Dagi kuwa magina na da suna sa shi ne a wuri ɗaya ko biyu, a saman ƙofa ko a ƙafar baka, su bar sauran bango ya huta. In aka maimaita shi sau hamsin ya zama atamfa.

Uzurin masu gida

Ba adalci ba ne a yi kamar masu gyaran ba su da hujja. Giginya ta yi ƙaranci, azara mai kyau ta yi tsada. Yaɓen shekara-shekara yana son hannu da yawa, gidan gandu kuma ya watse. A yankin Baure ƙasa mai yashi ta fi yawa, ƙasar gini mai kyau sai an nemo. Maginan da suka iya ɗaura baka sun tsufa, 'ya'yansu sun koma bulo domin can ne kuɗi yake. Mata kuma suna da gaskiya idan suka ce sun gaji da ƙura da sharar ƙasar da ke zubowa. Sannan akwai maganar da ba a cika faɗa a fili ba, cewa ginin ƙasa ya zama alamar rashi a idon mutane, har mai hali yana jin nauyin a ce baƙonsa ya zauna a ƙarƙashin azara.

Sai dai waɗannan hujjoji suna kira ne ga gyara, ba su wajabta ɓoye rufi ba. Yarjejeniyar Venis ta 1964 a kan adana tsofaffin gine-gine ta tsaya a kan cewa a girmama kayan asali, abin da aka ƙara kuma ya kasance ana iya gane shi. Muna da misalai kusa. Tsohuwar Kwalejin Katsina, wadda aka buɗe a 1922, ginin ƙasa ce, ta zama gidan tarihi. Gidan Makama da Gidan Ɗan Hausa a Kano haka. A Jamhuriyar Nijar, masallacin Yama da magini Falke Barmu ya gina ya sami lambar yabo ta Aga Khan a 1986. A garin Dandaji kuma, cikin aikin da Mariam Kamara da Yasaman Esmaili suka kammala a 2018, an mayar da tsohon masallacin ƙasa ɗakin karatu: an shigo da kantoci da bene na zamani, an bar bakunan a buɗe kowa yana gani. Darasin Dandaji shi ne sabon abu ya tsaya da ƙafarsa a cikin ɗakin, ta yadda in an cire shi gobe tsohon ginin yana nan yadda yake.

A tsohon zaure wannan yana nufin abubuwa masu sauƙi. A bi da wayar lantarki a fili ta gindin bango cikin bututu, kada a sassaƙe baka don a binne ta. A sa ƙwan fitila a cikin alkuki ko a saman dakali yana haska sama, domin rufin shi ne abin kallo. Fanka ta tsaye ta fi wadda za a huda tulluwa a rataya. Wanda ƙura ta dama ya sabunta daɓe da makuba ya shimfiɗa darduma, in kuma tayil ya zama dole, a bar tazara tsakaninsa da gindin bango. Kujeru su zama gajeru, domin an auna ɗakin ne da idon mutumin da yake zaune a ƙasa, kuma daga nan ne bakan gizo yake cika ido.

Ga malaman makaranta akwai aikin da ba ya bukatar kasafin gwamnati. Z. R. Dmochowski, ɗan ƙasar Folan, ya yi shekaru yana auna gine-ginen gargajiya na Nijeriya, aikinsa ya fito a juzu'i uku a 1990, amma mutum ɗaya ba zai shiga kowane zaure a Baure da Zango da Sandamu da Mai'aduwa ba. Malamin lissafi ko na tarihi zai iya ɗaukar ɗalibai biyar da igiyar awo, da izinin mai gida, su auna faɗi da tsawo da kaurin bango, su ƙirga bakuna, su ɗauki hoton rufin da waya, su tambayi dattawan gidan sunan maginin da kuma sarkin da aka yi ginin a zamaninsa. A fara da gidajen da aka ga an sauke buhunan siminti a ƙofarsu.