Yadda Ake Ƙyanƙyashe Tarwada a Cikin Roba

Ɗalibin da ya taso a Ƙanƙara, Faskari ko Sabuwa yakan fara ganin teku ne a fuskar waya. Tsakanin fim ɗin Kannywood da ƙwallon Turai, sai ya ci karo da shiri irin Blue Planet na BBC, wanda ya fara fita a 2001, ya ga halittun ƙarƙashin ruwa da bai taɓa jin sunansu ba. Da yawa sukan kalla su wuce. Wasu kuwa abin yakan zauna musu a rai, har su nemi gurbi a sashen nazarin kiwon kifi na Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma. A can suke gane cewa ƙofar wannan ilimi tana kusa da gida: tarwada ce, wadda masunta ke kamawa a dam ɗin Mairuwa da na Zobe. Sana'ar da ta fi gwada ƙwarewarsu kuma ita ce ƙyanƙyasa.

Kayan aikin ba su da yawa: sikeli, sirinji, busasshiyar roba, reza, gishiri, ƙyallen gidan sauro, siririn tiyo da ma'aunin zafin ruwa. Sauran duk a ido da hannu suke.

Da zaɓen iyaye ake farawa. Ɗalibin zai rufe kan kifin da jiƙaƙƙen tawul don ya natsu, ya juya shi rigingine. Macen da ta isa cikinta ya kumbura, ya yi laushi, mafitar ƙwanta ta yi ja-ja. In ya ɗan danna a hankali, ƙwai kaɗan za su leƙo, masu launin kore-kore da ruwan ƙasa, girmansu ɗaya. Namiji kuma ana gane shi da ɗan tsiro mai tsini a ƙasan ciki. An fi son waɗanda suka shekara, suka kai kilo guda ko fiye.

A daji, tarwada ba ta zuba ƙwai sai damina ta sauka, ruwa ya malala cikin ciyawa. A tanki babu wannan alama, shi ya sa ake yi mata allurar sinadarin da ke nunar da ƙwai, irin su Ovaprim. Ana auna macen a sikeli, a ba ta rabin mililita ga kowane kilo. Allurar tana shiga naman baya, gefen ƙayar gadon baya, a karkace, sannan a murza wurin da yatsa don kada maganin ya dawo. Daga nan sai lissafi. In ruwa yana da ɗumi, wajen digiri 27 ko 28, ƙwai kan nuna cikin awa 9 zuwa 12. In hunturu ya kankama, irin wanda ke sa mutanen Faskari jin wuta da asuba, lokacin yakan ja. Wanda ya yi gaggawa zai tarar ƙwai bai saki ba. Wanda barci ya kwashe zai tarar ta zubar da shi a ruwa ya lalace. Don haka ake yin allurar da dare, a kwana da agogo a kusa.

Lokacin tatsa, mutum biyu ake bukata. Ɗaya ya riƙe kai, ɗaya ya goge jikin kifin tas, ya bi cikin da babban yatsa daga sama zuwa ƙasa, ƙwai na kwarara cikin roba. Dole robar ta bushe ƙayau. Kowane ƙwai yana da 'yar ƙofa da maniyyi ke shiga, kuma da zarar ruwa ya taɓa shi, ƙofar ba ta jimawa take rufewa. Da an ga ɗigon jini, sai a dakata. Gram ɗaya na wannan ƙwai ya kai kimanin 600, ke nan uwa guda tana iya ba da dubbai masu yawa.

Namijin tarwada ba ya tatsuwa. Yanka shi ake yi, a ciro 'yan marainansa guda biyu, a goge jini, a tsattsaga da reza, a matse farin ruwan cikin ruwan gishiri, gram 9 a lita guda. A wannan ruwa maniyyin yana raye amma ba ya motsi. Sai an zuba shi kan ƙwai, an gauraya da gashin kaza, an ƙara ruwa mai tsabta, sannan ya farka. Ƙarfinsa bai wuce kamar minti guda ba. Aikin dare sukutum a wannan minti yake rataye, shi ya sa gwani ba ya magana a lokacin.

Sai a baza ƙwan kan ƙyallen gidan sauro da aka shimfiɗa cikin ruwa, shimfiɗa ɗaya, kada wani ya hau wani, ruwa na shiga yana fita a hankali. Bayan 'yan awoyi, mai rai yana nan garai-garai, matacce ya yi fari. Cikin kwana ɗaya, ko kwana ɗaya da 'yan awoyi, 'ya'yan za su fasa, su zurara ta ramukan ƙyallen zuwa ƙasa. Nan take a ɗage ƙyallen da ɓawo da matattun ƙwai, kafin su ɓata ruwan.

Kwana uku na farko ba a ba su komai, domin kowanne yana ɗauke da guzurinsa na gwaiduwa a ciki. A rana ta huɗu ne ruwan gishirin duniya ke shigowa ɗakin ɗalibin, cikin gwangwani. Abincinsu na farko atemiya ce, wato 'yan mitsi-mitsin jatan lande da ake tattaro ƙwansu daga tafkunan gishiri, irin babban tafkin jihar Yuta a Amurka. Ƙwan a bushe yake zuwa. Ɗalibin zai haɗa ruwan gishiri, ya sa iska da haske, bayan kamar awa 24 su ƙyanƙyashe, ya tace ya ba kifinsa. Abin da ya taɓa kallo don nishaɗi, ga shi yana raya shi da hannunsa.

Makonnin da ke biye, zamansa irin na mai jego ne. Abinci kaɗan-kaɗan, dare da rana. Kowace safiya ya zuƙe dattin ƙasa da tiyo ba tare da ya janye ɗa ko ɗaya ba. Ya sa ido kan waɗanda suka fi saurin girma ya ware su, don tarwada tana cin 'yar'uwarta. Ya rubuta zafin ruwa, yawan abinci da adadin mace-mace a littafi. Wayar da abokansa ke raba dare da ita a majalisa, shi ma tana hannunsa, amma ƙararrawar ciyarwa ya saita a ciki. Yana kallon fim ɗinsa, sai dai tsakanin ciyarwa da ciyarwa. Zomo ba ya kamuwa daga zaune.

Bayan wata guda zuwa mako shida, 'ya'yan sun kai tsawon yatsa, masu kiwo sun zo saye da jarkoki. Ƙasar masara da waken soya irin ta kudancin Katsina tana da abin haɗa abincin kifi. Iri mai kyau shi ne ke wuyar samu. Iyayen da suka ga ɗansu ya ƙura wa shirin kifaye ido, su saya masa ma'aunin zafi da roba biyu, su kai shi wurin mai ƙyanƙyasa ya koya.