4.3 Ƙarfi da Raunin Fassarar Labaran Laifi na Manchette

Wannan fasali ya dubi littafin marubucin Faransa Jean-Patrick Manchette mai suna Le Petit Bleu de la côte ouest (1976), wanda Donald Nicholson-Smith ya mayar Ingilishi a 2002 da sunan Three to Kill.

Ƙarfin fassarar yana ga salo. Manchette ba ya shiga zuciyar tauraronsa, Georges Gerfaut. Abin da ya aikata kawai yake faɗa. Daga marubutan Amurka irin su Dashiell Hammett ya aro wannan salo, saboda haka da aka mayar da labarin Ingilishi tamkar gida ya koma.

Raunin kuwa yana ga harshe da tarihi. Faransanci yana bambanta "tu" da "vous" domin nuna kusanci, girmamawa ko raini, alhali Ingilishi "you" kaɗai gare shi. Haka nan Gerfaut tsohon ɗan gwagwarmaya ne da ya zama babban ma'aikacin kamfani. Makarancin da bai san siyasar Faransa bayan boren Mayun 1968 ba, kashe-kashen zai gani, habaicin ya wuce shi.

Ke nan fassarar ta riƙe zubin labarin, amma saƙonsa na siyasa ya raunana.