Gem a Tafin Hannu: Nazarin Wasannin Jarumta da Kewar Ƙuruciya a Kankiya da Kusada

A cikin magidantan Kankiya da Kusada da shekarunsu ke tsakanin 30 da 45, ba a rasa mai ajiye wani tsohon gem a wayarsa. Irin gem ɗin nan ne da ake ba ka yaro da takobi, a sake ka a daji, ka yi ta neman mabuɗi kana kutsa kogo, har ka isa ga dodon ƙarshe. Hotonsa dishi-dishi ne, kiɗansa bai taka kara ya karya ba, amma mutum zai bar sababbin wasanni masu ƙyalli ya koma masa. Wannan nazari zai duba abu biyu: dalilin da ya sa labaran da aka ƙaga a Japan da wasu ƙasashen ƙetare suka zauna daram a zukatan yaran tsakiyar Katsina, da kuma ainihin abin da manya ke kewa idan suka koma musu yau.

Yadda na'urar ta iso

Gem na hannu ya shahara ne ta hannun wani injiniyan kamfanin Nintendo, Gunpei Yokoi. An ce ya ga wani matafiyi a jirgin ƙasa yana ta latsa kalkuleta don kashe lokaci, daga nan ya fito da Game & Watch a 1980. A 1989 ya biyo da Game Boy, mai cin batir huɗu, allonsa ba kala. Da shi da ƙanensa mai kala an sayar da fiye da miliyan 118 a duniya.

Game Boy na asali bai yawaita a garuruwanmu ba. Sai dai ɗan wani ma'aikaci, ko wanda aka yi wa tsarabar Makka, ko wanda ya dace da shi a gwanjo. Abin da ya cika hannun yara shi ne Brick Game ɗan Sin, wanda ake rubuta wa wasanni 9999 a jiki, alhali 'yan ƙalilan ne ake ta maimaitawa, uwarsu kuma Tetris, wasan jera bulo da Alexey Pajitnov ya ƙirƙira a Mosko a 1984. Kayan daga kasuwannin Kano suke tasowa, musamman Sabon Gari, su biyo titin Katsina ta Yashe da Gidan Mutum Ɗaya da Kankiya, daga nan 'yan koli su watsa su ƙauyuka. Akwai kuma gem na talabijin mai kaset, kwaikwayon Famicom ta 1983, amma shi sai da wuta. A inda NEPA ke ɗauke wuta ta yi kwanaki, abin da ke aiki da batir shi ne abin dogaro.

Zuwan wayar salula Nijeriya a 2001 ya canza lissafi. Wasan macijin Nokia ya buɗe ƙofa, sai Bounce, sai Diamond Rush da Prince of Persia na kamfanin Gameloft. A nan ne yawancin yaran yankin suka fara ɗanɗana wasan tafiya mai matakai da labari. Ana tura shi ta Bluetooth, ko a kai memori wurin masu turin fina-finai a loda. Da wayoyin Android suka yaɗu, manhajar PPSSPP da Henrik Rydgård ya fitar a 2012 ta ba mutum damar buga wasannin PSP, na'urar da Sony ta fitar a 2004, ba tare da ya taɓa mallakarta ba. Saboda haka a Kankiya da Kusada gem na hannu a mafi yawan lokaci waya ce.

Ginin wasan da ginin labaranmu

Ɗaya daga cikin wasannin da suka kafa tsarin wasannin jarumta shi ne The Legend of Zelda na 1986. Mai tsara shi, Shigeru Miyamoto, ya sha bayyana cewa yawon da ya yi yana yaro cikin dazuka da koguna a karkarar Kyoto shi ya so ya mayar wasa. Jarumin yana farawa hannu rabbana. Wani tsoho a cikin kogo ya ba shi takobi. Kowane kurkuku yana da dodonsa da kuma wani kayan aiki, wanda sai da shi hanyar gaba ke buɗewa. A Link's Awakening, da ya fito a Game Boy a 1993, jirgin ruwan jarumin ya tarwatse, ya farka a tsibirin Koholint, kuma ba zai fita ba sai ya tara kayan kiɗa takwas ya tashi wani ƙaton kifi daga barci.

Yaron da ya taso a ƙasar Katsina ba baƙon wannan tsari ba ne. Ya san labarin Bayajida, baƙon da ya biya Gaya maƙera suka ƙera masa wuƙa, ya isa Daura da dare, ya kashe macijin rijiyar Kusugu, ya auri Daurama. Makami, tafiya, dodo, lada: ga su nan a jere. A makaranta kuma ya karanta Ruwan Bagaja, wanda Abubakar Imam ya rubuta don gasar 1933 lokacin yana koyarwa a Midil ta Katsina, inda Alhaji Imam ke ratsa gari bayan gari yana neman ruwan da zai warkar da ɗan sarki, Malam Zurƙe kuma na ɓullo masa a kowane zango. Ga Ganɗoki na Bello Kagara da yaƙe-yaƙensa a ƙasashen aljannu. Ga Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa, marubucin da ke ɗauke da sunan garin da Kankiya da Kusada ke tarayya da shi a mazaɓar majalisar wakilai. Iliya ya fara a gurgu, baƙi suka zo ya sami ƙarfi, ya sami dokinsa Ƙwalele, ya shiga kawar da maƙiya ɗaya bayan ɗaya. Asalin labarin na Iliya Muromets ne na ƙasashen Rasha, amma Bahaushe ya karɓe shi ya zama nasa, shekaru da yawa kafin a san gem.

Prince of Persia ma, wanda Jordan Mechner ya fitar a 1989, daga duniyar Dare Dubu da Ɗaya aka ɗebo shi: mugun waziri, gimbiya a tsare, saurayi a kurkuku da aka ba wa minti 60 kacal. Duk mai karanta littattafan yaƙi irin na Abdul'aziz Sani Madakin Gini ya san wannan fada tun kafin ya riƙe waya. Shi ya sa rashin jin Turanci ko Japananci bai hana kowa buga wasan ba. Rubutun da ke fitowa a allo ana wuce shi ne da sauri, don an riga an san inda labarin ya dosa.

Inda hanya ta rabu

Kamannin suna da iyaka, kuma tatsuniyar Ruwan Bagaja ta baka, wadda ta girmi littafin, ita ta fi nuna iyakar. A cikinta 'yan mata biyu ne suka bi hanya ɗaya. 'Yar bora ta gamu da abubuwan al'ajabi, ta gaishe su da ladabi, ta ƙi kwaɗayi, ta koma gida da arziki. 'Yar mowa ta bi sawunta da rashin kunya da zari, ta koma da abin kunya. Kowace sau ɗaya aka ba ta dama. Abin da zangunan tatsuniya ke aunawa shi ne hali.

Gem kuwa naci yake aunawa da saurin yatsa. In ka faɗa rami, a mayar da kai bakin ramin. In bos, wato babban dodon matakin, ya kashe ka sau goma, a na goma sha ɗaya ka haddace motsinsa. Ba ruwansa da ko ka gaida tsohon da ya ba ka takobi. A Zelda ma kana iya shiga gidan mutane ka farfasa tukwanensu ka kwashe abin da ke ciki, ba mai ce maka uffan. Darasinsa shi ne faɗuwa ba ƙarshen tafiya ba ce, wanda darasi ne mai amfani, amma daban yake da na tatsuniyar kaka. Tatsuniya tana raino ne, gem yana horar da juriya. Kuskure ne a ce ɗaya zai maye gurbin ɗaya.

Akwai wani bambancin. Mai tatsuniya tana kallon fuskokin yara, ta tsawaita inda suka ji daɗi, ta rage inda barci ya fara ɗibarsu. Na'ura ba ta ganin kowa. Wannan giɓi yaran da kansu suka cike shi.

Na'urar mutum ɗaya a hannun jama'a

Yokoi ya ƙera abinsa ne don matafiyi shi kaɗai. A soro ko gindin bishiya a Rimaye ko Kafin Soli ko Kusada, na'ura ɗaya kawuna biyar ko shida ke sunkuyawa a kanta. Dokar kuwa kowa ya san ta: in ka mutu ka miƙa. Mai gem shi ke farawa, shi ke yanke wa zai biyo baya, wanda ya kawo batir kuma yana da alfarma ta musamman. Masu jiran layi ba shiru suke yi ba. Su ne masu ihun "yi tsalle!", "saura rai ɗaya!", "ga bos nan!", su ne kuma masu ba da labarin da allon ya kasa ba su da Hausa: wannan waziri ne, waccan 'yar sarki ce, wancan ramin akwai aljani. Sunayen da Japanawa suka raɗa wa dodannin ba wanda ya damu da su, kowace unguwa da nata.

Ƙarancin batir shi ma ya shiga cikin wasan. A shanya shi a rana, a ɗan cije shi, a cire na tocilan ko na rediyon maigida a mayar kafin ya dawo. Yawancin kwaikwayon nan ba sa ajiye inda aka tsaya, don haka batir na mutuwa an koma farko. Sirrin mataki kuma ba a intanet ake nemansa ba, a bakin wani yaro yake a wata unguwa, sai an taka an same shi. Wanda ya fara gama wasa yakan yi suna a tsakanin tsaransa.

Me ake kewa?

Kewar ƙuruciya tana cikin waɗannan wasanni tun daga tushe. Miyamoto kogunan yarintarsa ya sake ginawa. Satoshi Tajiri, mai Pokémon na 1996, kamun ƙwarin da ya yi yana yaro ya mayar wasa, bayan gine-gine sun cinye filayen garinsu a gefen Tokyo. Shi kansa Link's Awakening da irin wannan kewa yake ƙarewa: tsibirin duka mafarkin kifin ne, yana farkawa komai ya ɓace, har yarinyar da ta tsinci jarumin a bakin teku. Kamfanoni sun gane cewa kewa haja ce. Nintendo ta sabunta Link's Awakening a 2019 don na'urar Switch, 'yan Sin kuma sun cika kasuwa da ƙananan na'urori irin su SUP masu tsofaffin wasanni 400.

Sai dai magidancin da ya loda tsohon wasa a wayarsa yakan tarar da shi salam bayan kwana kaɗan. Yanzu yana iya ajiye wasan a kowace daƙiƙa, caji na nan a shagon mai caji ko a sola, sirrin kowane mataki na YouTube. An cire wahalar, kuma ashe rabin daɗin a cikinta yake. Babban abin da ya ɓace shi ne mutanen. Waɗanda aka yi layi da su wasu na Kano, wasu na Abuja, wasu sun riga mu gidan gaskiya. Wasan bai canza ba, taron ne ya watse. Shi ya sa wanda ya miƙa wa ɗansa wayar ya zauna yana yi masa ihun tsalle ya fi mai bugawa shi kaɗai a ɗaki samun abin da ya fito nema.

Ƙorafin iyaye da malamai

Ƙorafin tsoho ne kuma yana da tushe. Gem na cin lokacin Islamiyya da aiken gida da barci. Wasu wasannin cike suke da tsafi da gumaka, irin God of War da aka gina kan allolin Girkawa, kuma a 2001 malaman Saudiyya sun yi fatawar hana Pokémon. Hukumar Lafiya ta Duniya ma a 2019 ta sa jarabar gem cikin jerin larurorin da ta amince da su. Amma adalci ne a rarrabe. Tsohon wasan jarumta yana da ƙarshe: a kashe dodo, a rufe. Ba ya cin data, ba ya neman a sayi komai a ciki, ba ya haɗa yaro da baƙin da ba a sani ba. Da yawa daga wasannin intanet na yau an tsara su ne don kada su ƙare, wasu kuma tsani ne zuwa caca. Uban da zai zaɓa wa ɗansa ya kamata ya san wannan bambanci, ya kuma sa wa wasan lokaci.

Kammalawa

Wasannin nan sun karɓu a Kankiya da Kusada ne don sun tarar da kunnuwan da tatsuniya da littattafan Imam da Kagara da Ingawa suka riga suka shirya, yara kuma suka mayar da su wasan dandali. Abin da ya rage shi ne har yau Hausa ba ta cikin harsunan da Nintendo ke fitar da wasanninta. Wasu 'yan Afirka sun nuna ana iyawa: kamfanin Kiro'o na Kamaru ya fitar da Aurion a 2016, Abubakar Salim, ɗan Birtaniya mai tushe a Kenya, ya fitar da Tales of Kenzera a 2024 bisa al'adun Bantu. Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma suna yaye masu ilimin kwamfuta kowace shekara, marubutan labaran yaƙi kuma ba su ƙare ba. Ya kamata ɓangarorin biyu su zauna tare, su fara da ƙaramin wasa da zai yi aiki a waya mai araha ba tare da data ba, da Hausa, wanda gaisuwa da riƙon amana za su buɗe ƙofa a cikinsa kamar yadda takobi ke buɗewa.