Ɗakin Tantabaru na Felbrigg: Abin da Jan Bulo Ke Faɗa

A lambun gidan Felbrigg da ke Norfolk a Ingila akwai wani gini na jan bulo mai kusurwa takwas, wanda aka yi wajen shekarun 1750. Ɗakin tantabaru ne. Masu yawon buɗe ido sukan ɗauki hoton rufinsa su wuce, alhali abin dubawa yana ciki.

Bangon irin wannan ɗaki daga ƙasa har sama ramuka ne, ɗaruruwa, jere a kan jere. Magini yakan bar ƙofar ramin ƴar ƙarama, sannan ya lanƙwasa cikin zuwa gefe, domin uwa ta kwanta kan ƙwai a duhu, iska ba ta same ta ba. Ƙarƙashin kowane layi akwai ɗan bulo da ya turo baki, wurin sauka. A wasu ɗakunan, musamman masu da'ira, ana kafa gungume a tsakiya a ɗaura masa tsani, mai kiwo ya hau ya tura bango da hannu, tsanin ya zagaya da shi rami bayan rami. Wannan hikima ce da ta cancanci girmamawa, kuma bulo ya fi dutse dacewa da ita, tun da girmansa ɗaya ne, lissafin ramuka ba ya kuskure.

Abin da ake nema ƴan shila ne, masu kamar mako huɗu, kafin su tashi naman ya yi tauri. An daɗe ana cewa naman hunturu ne, amma masu bincike na baya-bayan nan sun nuna tantabaru ba sa yawan ƙyanƙyasa lokacin sanyi, don haka cimar bazara ce zuwa kaka, ta masu hali. Kashinsu kuwa taki ne mai ƙarfi, har a ƙarni na 17 jami'an sarkin Ingila suna haƙa ƙasan ɗakunan don samo sinadarin albarushi.

Inda raina ke ɓaci shi ne batun abincinsu. Mai kiwon tantabara a Kano ko Zinder yakan watsa musu gero daga rumbunsa. A Ingila kuwa, tsawon ƙarnoni, mai gari da manyan coci ne ke da ikon gina ɗakin, tsuntsayen kuma su sauka gonar talaka su yi ta tsinta, shi ba halin ya taɓa su. A Faransa ma haka abin yake, ƙorafin ya yi ƙarfi har aka soke wannan gata a watan Agusta na 1789.

Da babban ɓeran nan mai ruwan ƙasa ya shigo Ingila a farkon ƙarni na 18, sai aka riƙa toshe layukan ƙasa da bulo don kada ya shiga ramukan, kuma har yau ana ganin facin a tsofaffin ɗakuna. Tsadar hatsi lokacin yaƙe-yaƙen Napoleon ta sa manoma suka daina haƙuri da ɓarnar, kiwon ya ja baya. Felbrigg dai yana hannun ƙungiyar adana kayan tarihi ta National Trust tun 1969.